Dillaliyar gida ta maido mini da kason la'adarta: yadda abin ya kasance

A watan Mayun 2025 muka karɓi makullin gidanmu na farko a Amurka, a gefen garin Keti da ke yamma da Hiyustan, jihar Tekzas. Tun daga ranar 'yan uwa da abokan aiki ke ta kirana da tambaya ɗaya: wai da gaske dillaliya ta maido maka da kuɗi? Da gaske ne, dala 3,400 ta maido. Sai dai yadda kuɗin suka zo, da ɗawainiyar da ta hau kaina kafin su zo, hirar waya ta minti biyar ba ta ɗaukar su.

Duk wanda ya tashi a Kano kamar ni ya san la'ada haƙƙin dillali ce, ba a saba jin ya gutsura ya miƙa wa mai saye ba. A nan Amurka, shekara da shekaru mai sayar da gida ne ke biyan la'adar kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari, dillalinsa da na mai saye su raba. Mai saye kuwa yana ganin kyauta ake masa aiki, alhali kuɗin suna cikin farashin da zai yi shekara talatin yana biya. A Oktoban 2023 wata kotu a birnin Kansas na jihar Mizuri ta sami ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasa, wato NAR, da laifin haɗa baki wajen tsawwala la'ada. A Maris 2024 ƙungiyar ta yarda ta biya dala miliyan 418 don a yi sulhu, kuma daga 17 ga Agustan 2024 ya zama dole mai saye ya sa hannu a takardar da ta faɗi abin da dillalinsa zai karɓa, tun kafin a buɗe masa ƙofar gida ko ɗaya. Wannan takarda ita ta ba irinmu bakin ciniki.

Dillalai uku muka zauna da su. Biyu suka tsaya kan kashi 3, ba ragi. Ta ukun ta ce a rubuta kashi 2.5, za mu nemi mai gida ya biya, ita kuma ta maido mana da kashi 1 na farashin gidan ranar rufe ciniki. Ba ta ɓoye sharaɗinta ba: mu za mu nemo gidajen da kanmu a intanet, ba za ta nuna mana fiye da takwas ba, aikinta shi ne rubuta tayi, ja-in-ja da ɗaya ɓangaren, da bin takardu har ƙarshe. Wannan fito-fili da ta yi tun ranar farko shi ne abin da ya fi kwanta mini a rai.

Maiɗakina ba ta yarda nan take ba. A mota ta ce mini, "Abban yara, araha ba ta ado fa. Ka tabbata ba za a bar mu a tsakiyar kogi ba?" Na kira wani yayanmu ɗan Zariya da ya riga mu sayen gida da shekaru, ya ce, "Ƙanina, in dai ka san unguwar da kake so kuma kana da lokacin zirga-zirga, ka karɓa. In ba ka sani ba, ka biya a riƙe maka hannu." Shekara tara muka yi muna haya a yankin, mun san makarantunsa, mun san masallatansa, mun san titunan da ruwa ke kwanciya. Muka sa hannu.

Wajen ciniki ba ni da wani ƙorafi a kanta. Gida na shida muka tsaya a kai, an sa masa dala 352,000, ta kawo mana farashin gidajen da aka sayar a layin cikin watannin baya, muka taya, aka daidaita a 340,000. Mai gidan ya yarda ya biya kashi 2.5 ɗin, dala 8,500 ke nan. Saƙo ba ya kwana a wayarta, kuma ko rana ɗaya ba ta bari wa'adin wata takarda ya wuce mu ba.

Inda na ji a jikina shi ne wurin bincike. A Tekzas mai saye kan biya 'yan kuɗi kaɗan ya sami kwanakin da zai iya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba; mu kwana bakwai muka samu. Ranar da mai duba lafiyar gida ya zo, ba ta halarta ba, domin ba ya cikin yarjejeniyarmu. Ni kaɗai na yi awa uku ina bin sa, yana nuna mini tsagewa a bangon gareji da injin sanyaya ɗaki da ya tsufa. Ƙasar Hiyustan yumɓu ce, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, tana motsa harsashin gini, saboda haka tsagewar bango ba abin wasa ba ce a nan. Da kaina na nemo injiniya ya zo ya auna, ya ce motsin bai kai na damuwa ba. Haka maganar ambaliya. Wanda ya ga guguwar Habi a Agustan 2017, lokacin da ruwan madatsar Baka ya koma baya ya cika gidaje a wasu unguwannin Keti, ba zai sayi gida a nan ido rufe ba. Ni na zauna na duba taswirar ambaliya ta gwamnati, na karanta takardar da doka ta tilasta wa mai gida ya bayyana ko ruwa ya taɓa shiga, na kuma buga ƙofar maƙwabta biyu na tambaye su.

Abu ɗaya ne har yanzu nake ganin ya kamata ta yi ba ta yi ba. Unguwanni da yawa a wajen Hiyustan suna da ƙarin harajin gundumar ruwa, wanda ake kira MUD, a kan harajin gida na yau da kullum. Takardar sanarwarsa tana cikin tarin da ta turo mini, amma ba ta ce uffan ba. Sai da kamfanin da ya ba mu kuɗin sayen ya lissafa abin da za mu riƙa biya a wata na ga ya haura abin da na tsara. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Ragin la'ada ba hujja ba ce ta yin shiru kan abin da zai bi mutum shekaru.

Su kansu kuɗin ba a hannu ake damƙa su ba. Dole mai ba da kuɗin sayen gida ya sani ya amince, kuma dole su fito a takardar rufe ciniki da ake ba mai saye kwana uku na aiki kafin ranar sa hannu. A wurinmu cire su aka yi daga kuɗin rufe cinikin, wato kuɗin takardu da hidimomin da mai saye ke biya ranar sa hannu, ba a yarda su shiga kuɗin kafin alƙalami ba. A nan ne muka kusa asara. Mai gidan ya riga ya yarda ya ba mu dala 6,000 saboda injin sanyayawa. Da aka haɗa da 3,400 sai jimlar ta zarce kuɗin rufewar da kusan dala 500, kuma rarar ba a biyan ta tsaba, ɓacewa take yi. Dillaliyar ce ta hango, ta sa aka mayar da wani ɓangare na kuɗin gyaran ya zama ragi a farashin gidan. Ko sisi bai salwanta ba. Wannan ya wanke mini kaso mai yawa na ɓacin ran da ke zuciyata.

Mai lissafin harajinmu ya tabbatar mini cewa hukumar haraji ta IRS ba ta ɗaukar irin wannan kuɗi a matsayin kuɗin shiga. Ragi ne a farashin gida, kamar yadda ta yi bayani a wani hukuncinta na 2007. Kuma ba ko'ina aka halatta tsarin ba. Jihohi wajen arba'in sun yarda da shi, amma irin su Mizuri da Oklahoma da Tenesi sun hana. A Kentaki ma sai da Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta shigar da ƙara a 2005 aka janye haramcin.

Da za a ce in ba ta maki, huɗu cikin biyar zan bayar, kuma in Allah ya hore mana gida na biyu wurinta zan koma. Amma da ƙanin maiɗakina, wanda shekararsa biyu kacal a ƙasar kuma aikin dare yake yi a asibiti, ya nemi lambarta, na ce masa sai dai in zai yarda in raka shi kowane gida, in kuma karanta kowace takarda tare da shi. Ya yarda. Ya turo mini adireshi uku, ranar Asabar bayan sallar Azahar za mu je mu fara da duba magudanan ruwan layin.