Lumbini ko Bodh Gaya: ina mai ziyarar Vesak zai nufa?

Idan wata ya cika a Mayu, mabiya Buddha kan yi bikin Vesak, su tuna haihuwarsa da wayewar da suka ce ya samu da rasuwarsa, duk a rana guda. Mai niyyar ziyara yakan rasa inda zai sa gaba: Lumbini a Nepal, ko Bodh Gaya a jihar Bihar ta Indiya.

Lumbini ce mahaifarsa. Har yau ginshiƙin dutsen da Sarki Ashoka na tsohuwar Indiya ya kafa shekara 249 kafin haihuwar Annabi Isa yana tsaye, da rubutun da ke cewa nan aka haife shi. Fili ne fetal, gidajen ibada a warwatse, da keke akan zagaye su.

Bodh Gaya kuwa ba masaka tsinke. Hasumiyar Mahabodhi, babban gidan ibadar garin, ta haura mita 50, a bayanta ga itacen nan dangin ɓaure, wanda ake cewa tsatson wanda Buddha ya zauna ƙarƙashinsa har ya samu wayewar ne. 'Yan Tibet na kwanciya rub-da-ciki a kan katako suna tashi, sau ɗaruruwa; 'yan Sri Lanka sanye da farare suna ta rera addu'o'insu. Iska ta kaɗo ganye ɗaya, sai a yi rububinsa.

A ganina Bodh Gaya ta fi cika ido, sai dai akwai jan aiki. Zafin Mayu kan wuce digiri 40, ga daɓen dutse da ba a takawa da takalmi. Wayar hannu ma a ƙofa ake ajiye ta, tun bayan tashin bama-bamai na 2013.