Val Thorens a watan Janairu: abin da na gani a garin zamiya mafi bisa a Turai

Duk wanda zai yi maka tallan Val Thorens, da tsayinsa zai fara. Garin yana kan mita 2,300 sama da teku, a tsaunukan Alps na lardin Savoie a Faransa, kuma babu wani garin wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai da ya kai shi bisa. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato gadon da za ka kwanta a kai saura kaɗan ya kamo ƙololuwarsa. Na je hutun sanyi can daga Lyon, inda nake aiki, tare da mai ɗakina da ƙanenta. Daɗin da na ji da wuyar da na sha, duk daga wannan tsayin suka fito.

Jirgin ƙasa ya sauke mu a Moûtiers, wani ƙaramin gari da ke cikin kwari, wanda tsayinsa bai kai mita 500 ba. Daga nan sai bas, kilomita 37 na hawa zalla, hanya sai murɗewa take yi tana bin gefen dutse. Za ka wuce Saint-Martin-de-Belleville, ka wuce Les Menuires, itatuwa suna raguwa suna raguwa har su ƙare ƙaf. Wanda mota ke sa wa amai ya sha magani tun daga ƙasa. Wanda zai tuƙa da kansa kuma ya sani cewa daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin sanyi ko sarƙar taya a wannan yanki, kuma idan ya isa dole ya kai motar ma'ajiya ya biya, don ba a barin motoci a titunan garin. Yawancin gidaje daga Asabar zuwa Asabar ake ba da hayarsu, saboda haka ranar Asabar kowa ke hawa, kowa ke sauka, hanyar takan cushe.

Garin kansa ba zan ce yana da kyau ba. A farkon shekarun 1970 aka gina shi a fili fetal inda da ba kowa, don wasan zamiya kawai, kuma hakan a bayyane yake: dogayen benaye da aka manna wa katako a fuska, shaguna, wuraren cin abinci, shi ke nan. Ba tsohon ƙauye ba ne mai tarihi. Amma wanda ya tsara shi ya san abin da yake yi. Daga ƙofar masauki za ka ɗaura allunan zamiyarka ka sulale zuwa wurin hawa, da yamma kuma ka sulalo har bakin ƙofa. Wanda ya taɓa ɗaukar alluna a kafaɗa yana tafiya cikin takalmin zamiya, mai nauyi da tauri wanda ba ya barin idon sawu ya motsa, shi ya san darajar wannan tsari.

Ɗakin da muka kama ta hannun wani kamfanin haya ya yi mana kaɗan ƙwarai. A takarda an ce na mutum huɗu ne, amma biyu daga cikin gadajen a lungun shiga suke, ɗaya bisa ɗaya, kuma zanen gado da tawul sai da muka biya daban. Idan za ka kama ɗaki, kada ka dubi yawan gadaje, ka tambayi faɗinsa.

Maganar tsayi ita ce nake so in daɗe a kanta, don ban ga masu talla suna ba ta haƙƙinta ba. A mita 2,300, iskar oksijin da ke shiga jikinka a kowane numfashi ba ta wuce kusan kashi uku cikin huɗu na abin da kake samu a bakin teku ba. Daren farko barci ya ƙi zuwa sosai, ina farkawa zuciya tana bugawa da sauri. Hawa bene ɗaya da jaka sai haki. Mai ɗakina ta tashi da ciwon kai, ƙanenta ya yi haɓo. Ga bushewar iska irin ta tsakiyar hunturu, leɓe ya tsage, hanci ya bushe, fata ta yi fari, sai dai nan babu ƙura. Man kaɗen da mai ɗakina ta zo da shi ya yi mana rana fiye da duk wani abu da ke cikin jaka. Da shan ruwa da yawa da rage gaggawa, jiki ya saba kafin tsakiyar mako. Har girki ya shafa: a wannan tsayin ruwa yana tafasa tun a kusan digiri 92, don haka shinkafa da taliya sukan daɗe ba su nuna ba.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye, kuma ina roƙon a ɗauke shi da muhimmanci. Ƙarancin oksijin da sanyi da bushewar jiki suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon sikila. Mai SS kada ya kama hanyar wuri irin wannan sai da shawarar likitansa. Har mai AS, wanda yake rayuwarsa lafiya ƙalau, likitoci sun san cewa hawa tsauni mai bisa sosai yana iya taɓa masa saifa, ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki. A nan kuwa ba a mita 2,300 ake tsayawa ba, ana hawa har sama da 3,000. Ka san jininka kafin ka sayi tikiti.

Rana ma kada a raina ta don ana sanyi. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata, ga shi ƙarfinsa yana ƙaruwa da tsayi. Baƙar fata ba ta hana ido ƙonewa. Tabarau mai duhu dole ne, ko da ba zamiya za ka yi ba.

To me ake samu a madadin wannan duka? Dusar ƙanƙara ta gaske, wadda ba ta yaudara. Garuruwan da ke ƙasa-ƙasa sukan shiga zullumi idan sanyi ya yi jinkiri, ka biya kuɗinka ka tarar da ciyawa da laka. Val Thorens kuwa yakan buɗe tun ƙarshen Nuwamba, ya kai farkon Mayu. Dusar da muka samu busasshiya ce, mai laushi, tana ƙara a ƙarƙashin takalmi, idan ka faɗi ka tashi ka kakkaɓe ba ta jiƙa ka. Ga mai koyo wannan ba ƙaramin abu ba ne, don faɗuwa a kan dusa daban, faɗuwa a kan daskararriyar ƙanƙara daban.

Ni da ƙanen mai ɗakina mun shiga ajin manya masu fara koyo a makarantar zamiya ta Faransa, ESF, masu jajayen riguna. Malamarmu dattijuwa ce 'yar kwarin, mai haƙuri, ba ta ɗaga murya. Abu na farko da ta koya mana shi ne tsayawa: ka haɗa kawunan allunan a gaba, ka buɗe bayansu, ka danna. Sai juyawa, wadda ta saɓa wa abin da jiki ke so. Tsoro yana ce maka ka koma baya, ka jingina da dutse, alhali sai ka kai nauyinka gaba, ka ɗora shi a kan ƙafar da ke ɓangaren gangare, sannan alluna za su bi umarninka. Ranar da jikina ya yarda da wannan, na sauko wata doguwar hanya ba tare da tsayawa ba, iska tana dukan fuskata, ba na jin komai sai sautin alluna. Na daɗe ban ji farin ciki irin wannan ba. Filin masu koyo a tsakiyar gari yake, mai faɗi, da bel mai tafiya da kansa wanda ke mayar da kai sama, wasunsu ma kyauta ne. Saboda haka kada mai fara koyo ya yi gaggawar sayen babban katin hawa, wato tikitin shiga na'urorin da ke kai mutane saman dutse, tun ranar farko.

An raba hanyoyin zamiya da launi: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi na gwanaye. Val Thorens yana cikin haɗakar da ake kira Les 3 Vallées, tare da Méribel da Courchevel da Les Menuires da sauransu, hanyoyin da aka haɗa sun kai kilomita 600. A wannan yanki aka yi wasu daga cikin wasannin Olamfik na lokacin sanyi na Albertville a 1992. Amma waɗannan kilomita 600 na gwanaye ne. Mai koyo ba zai taɓa ko kashi ɗaya cikin goma ba, katin Val Thorens kaɗai ya ishe shi har ya yi yawa, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Ranar da gari ya waye tas muka hau ƙololuwar dutsen Cime Caron, kusan mita 3,200, a cikin babbar motar igiya, wato ɗaki mai rataye a igiyar ƙarfe, da ke ɗaukar mutane fiye da ɗari a tsaye. Ba sai ka iya zamiya ba, ana sayar da tikitin masu tafiya a ƙafa. Abin da na gani a can ya wuce hoto. Kawunan duwatsu farare iyakar ganinka ta kowace fuska, Mont Blanc, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Alps, ya yi musu zarra daga arewa, sama shuɗiya har tana neman yin baƙi. Mai ɗakina ba ta ce komai ba sai "Subhanallah", ta maimaita. Sanyin wurin ya kashe batirin wayata nan take, yatsu kuma ba sa jure minti biyu a waje da safar hannu.

Sai kuma ranar da tsauni ya juya mana baya. Hazo ya sauko, iska ta taso, aka rufe manyan motocin igiya na sama. A nan rashin itatuwa yake nuna illarsa: ƙasa fara, sama fara, ba ka bambance tudu da kwari, har jiri yakan ɗebi mutum yana tsaye. A garuruwan da ke ƙasa mutane sukan shiga hanyoyin cikin daji su ci gaba da wasa, a Val Thorens kuwa babu inda za ka fake. Kuɗin kati ya riga ya tafi. Da asuba za ka ji ƙarar fashewa daga duwatsu, kada ka firgita: ma'aikatan ceto ne ke tayar da dusar da ta taru da gangan, don kada ta zabtaro kan mutane. Kullum ana sanar da matakin haɗarin zabtarewa daga 1 zuwa 5. Ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne a Faransa, idan aka sauko da kai a kan gadon ja za a kawo maka takardar biya mai nauyi. Ana sayar da inshorar Carré Neige tare da katin hawa, ta kowace rana, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya ƙi ta ba.

Abinci sai Musulmi ya buɗe ido. Girkin Savoie a kan cuku da dankalin turawa da naman alade ya ginu. Tartiflette akwai alade a ciki, fondue da giya ake narka cukunsa, raclette kuma da yankakken naman alade ake kawo shi. Idan ka yi bayani wasu wuraren za su kawo maka raclette da dankali da ganye kawai, yana da daɗi ƙwarai, cukun Beaufort ma ya cancanci a saya a tafi da shi gida. Mu dai mun sayo nama daga mahaucin halal a Lyon, muka zo da shinkafa da yaji, muka riƙa girki a ɗaki. Hakan ya rage mana kashe kuɗi sosai, don komai a shagunan garin ya fi na ƙasa tsada, shayi ɗaya a kan dutse ma sai ka sake duba takardar. Ban ga masallaci a garin ba. Rana gajera ce a Janairu, Azahar da La'asar suna kusa da juna, amma da yake masauki yana bakin hanyar zamiya, saukowa a yi salla a koma ba wuya. Da yamma wasu wurare sukan cika da kiɗa da shaye-shaye na matasa, mai iyali ya nemi masauki nesa da tsakiyar gari.

Mai ɗakina ba ta shiga ajin koyo ba, kuma ita ce ta fi jin tsawon makon. Ta hau Cime Caron, ta hau keken zamiya a hanyar Cosmojet mai tsawon kilomita 6 tare da ƙanenta, ta dawo tana dariya dusa ta rufe mata gira, ta zaga shaguna. Bayan haka abin yi ya ƙare mata, don garin ba a gina shi domin mai yawo da kallo ba. Wata rana muka sauka Saint-Martin-de-Belleville, mita 1,450, tsohon ƙauye mai gidajen dutse da itatuwa da mutanen da ke zaune a can shekara duka. Numfashi ya dawo daidai, ciwon kanta ya tafi. Ta dube ni ta ce, "Malam, in za mu sake zuwa, nan za mu sauka. Kai ka riƙa hawa can da safe, ka dawo ka same ni." Ƙauyen yana cikin haɗakar Les 3 Vallées, motar igiya tana tashi daga cikinsa, saboda haka shawararta mai yiwuwa ce, kuma a kanta muka tsaya, sai dai a watan Maris, lokacin da rana ta ƙara tsawo kuma hutun makarantun Faransa na Fabrairu ya wuce.