Laminet, SPC ko tayil: wanne zai jure ruwan gidanka?

Laminet, falankin da ake shimfiɗawa a daɓen ɗaki, ya shiga ran mutane saboda kamarsa da katako, ga ɗumi a tafin ƙafa lokacin sanyi, ga saurin shimfiɗawa ba sai an kwaɓa siminti ba. Kamfanin Perstorp na Suwidin ne ya ƙirƙiro shi a 1977. Amma kafin ka biya kuɗi, karɓi guntu ɗaya ka duba gefensa. Wannan abu mai launin ruwan ƙasa da ke tsakiya garin katako ne da aka cakuɗa da gam aka matse, ana ce masa HDF. Saman kuwa takarda ce mai hoton katako da aka rufe da melamin, wata irin roba mai tauri. Ruwa ba ya ratsa saman, ta mahaɗar falanki biyu yake sulalewa. Da ya kai ciki sai baki ya kumbura ya ɗago, kuma ko ya bushe ba zai koma yadda yake ba, sai dai a cire a sa wani.

Mai shago zai nuna maka AC4 ko AC5 a jikin kwali ya ce wannan ne mai ƙarko. Gaskiya ne, amma lambar juriyar gogewar takalmi da jan kujera take aunawa, ba ruwanta da danshi. Haka ma kauri: mai milimita 12 ya fi mai 8 daɗin takawa, amma dukansu suna shan ruwa.

Akwai laminet da aka shafa wa mahaɗarsa maganin hana ruwa, masu yinsa kan yi alkawarin awa 24 ko 72. Ya fi tsada, kuma ya cancanci kuɗinsa idan matsalarka shayin da ya zube ne ko fitsarin yaro. Laimar da ke tasowa daga ƙasa ba ta cikin alkawarin. In kana da zaɓi biyu ko uku, ka nemi guntayensu ka jefa a bokiti su kwana, da safe ka gwada kowanne da ɗan uwansa busasshe.

SPC kuwa falanki ne da aka yi da garin dutse da robar PVC, kaurinsa galibi milimita 4 zuwa 6, kuma ba ya kumbura ko ya kwana a ruwa. A ganina shi ya dace da falon da ake shiga da jiƙaƙƙiyar ƙafa bayan alwala. Aibinsa shi ne siranta: in daɓen ƙasa yana da tudu da kwari, maƙalan da ke haɗa falanki da falanki za su karye. Rana mai zafi da ke dukansa ta taga tana iya bankare shi, kuma ruwan da ya shige ƙarƙashinsa yakan zauna ya kawo wari.

Kicin da banɗaki na tayil ne, musamman nau'in da ake ce wa fosilin, wanda ba ya tsotsar ruwa sama da kashi 0.5 cikin 100. Gidan da ake kwara ruwa a share da tsintsiya ma tayil ya kamace shi gaba ɗaya.

In dai laminet ɗin kake so, ka tsaya a kan mai aikin. Sabon daɓen siminti yana buƙatar makonni kafin ya bushe, kada ka yarda da gaggawar tarewa. A shimfiɗa leda mai kaurin milimita 0.2 a ƙarƙashi, a bar kwalayen su yi awa 48 a ɗakin, sannan a bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin bango. Wannan tazara tana da muhimmanci a wurinmu, domin falanki yana tsukewa da hunturu ya buɗe da damina, in bai sami wuri ba sai tsakiyar ɗaki ta yi tozo. A toshe bakin ƙofar banɗaki da silikon, a duba inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga, a riƙa shara da matsattsen tsumma. Ka sayi kwali ɗaya ƙari ka ajiye, don samun launi iri ɗaya bayan shekara biyu yana da wuya.