Bitwarden: ma'ajiyar kalmomin sirri da nake amfani da ita

Babban aikin manhajar Bitwarden shi ne: ta adana maka kalmomin sirrin shafukan da kake shiga, ta kuma cike maka su idan ka zo shiga. Na sa ta a wayata ta Android da burauzar kwamfutata, kuma tun daga lokacin na huta da jiran saƙon sake saita kalmar sirri a imel.

Abin da ya fara jawo ni shi ne kyautarta ta gaske ce. Ba a ƙayyade maka yawan kalmomin da za ka ajiye ba, ko yawan na'urorin da za ka haɗa. Na lura da wannan ne saboda LastPass, wata manhaja mai irin wannan aiki, a 2021 ta taƙaita masu amfani da ita kyauta ga nau'in na'ura ɗaya, ko waya ko kwamfuta, sannan a 2022 masu kutse suka kwashi kwafin ma'ajiyar mutanenta. Ita Bitwarden, wadda Kyle Spearrin ya fara a 2016, tsarin gininta a fili yake, duk masanin da ya ga dama zai iya bincika shi. Tun a wayarka ake kulle bayananka da tsarin ɓoye bayanai na AES-256 kafin su tafi wurin kamfanin, don haka su kansu ba sa iya karantawa.

Amma inda ta fi yi mini rana ba wajen tuni ba ne. Mu da yawa kalma ɗaya muke yawo da ita: lambar waya, ko sunan ɗa da shekarar haihuwarsa. Ita ce a Facebook, ita ce a Gmail, ita ce aka karanta wa yaron kafe ranar cike fom ɗin JAMB. Ranar da ta fita a wuri ɗaya, ko'ina ta fita, kuma ta haka ake ƙwace asusun mutum a shiga roƙon 'yan uwansa kuɗi da sunansa. Yanzu kowane shafi da tasa nake ba shi. Manhajar ce ke ƙirƙiro ta, haruffa da lambobi da alamomi a cakuɗe, ni kaina ban san yawancinsu ba, kuma ba na bukatar sani. In ɗora yatsa, ta cike, in wuce.

Akwai ranar da aka turo wani adireshi a zauren WhatsApp na unguwarmu, wai rajistar tallafi. Da na buɗe sai ga shafi mai launin shuɗi, sak na Facebook, yana neman in shiga. Bitwarden ba ta kawo mini komai ba, domin adireshin shafi take dubawa, ba kamanninsa ba. Da na ƙura ido sai na ga ashe an sauya harafi a sunan. Wannan kaɗai ya ishe ni dalilin riƙe ta.

Farkon lamarin yana son haƙuri. Sai ka bi shafukanka ɗaya bayan ɗaya kana sauya tsofaffin kalmomin, sannan ka shiga saitin waya ka ba ta izinin cike gurbi. Manhajar wani banki da nake hulɗa da shi kuma ba ta yarda a liƙa komai, dole in duba in buga da hannu. Ko babu data ma'ajiyar tana buɗewa a karanta abin da ke ciki, abin da ke da amfani ƙwarai a inda sabis ke yawan ɗaukewa.

Babbar kalmar da ke buɗe ma'ajiyar ita ce abin kula. Dole kada ta gaza haruffa 12, kuma in ka manta ta, kamfanin ba shi da hanyar dawo maka da ita. Na haɗa tawa da kalmomin Hausa da ba su da alaƙa da juna, na rubuta a takarda na ajiye tare da takardun gida, na kuma kunna tabbaci na mataki biyu, wato ƙarin wata shaida da ake nema bayan kalmar sirri, wanda shi ma kyauta ne. Kada ka buga wannan kalma a kwamfutar kafe ko ta wani. In dole sai ka shiga wani shafi a can, buɗe ma'ajiyar a wayarka, kwafi ta wannan shafin kaɗai da hannu, in ka dawo gida ka sauya ta.