Na canza shokzoban baya na babur ɗina, ga abin da na gani bayan wata huɗu

Gaskiya na daɗe ina ɗora wa sit laifi. Duk ranar da nayi doguwar tafiya a babur ɗin nan sai in sauko ƙuguna a riƙe, har sabon soso na sa aka yi wa sit ɗin, abin ya ɗan lafa kwana biyu ya dawo yadda yake. Sai wata rana ina wanke mashin ɗin na lura sandar shok ɗin hagu ta jiƙe da mai, ƙura ta manne mata tayi baƙi ƙirin, na danna kariyar ɗora kaya ta baya da ƙarfi na saki sai naga bayan babur ɗin yana ta lilo sama da ƙasa sau uku ko huɗu kafin ya tsaya. Lafiyayyen shok sau ɗaya zai taso ya tsaya cak. Nan na gane ashe tuntuni a kan sifirin kawai nake tafiya.

Mutane da yawa sun ɗauka sifirin ɗin da ake gani a waje shi ne shok ɗin, alhali rabin aikin kenan. Sifirin nauyi yake ɗauka, shi kaɗai in ka matse shi ka saki tsalle zai ta yi. Abin da ke hana tsallen yana ciki, mai ne a cikin silinda da fistin mai ƙananan ƙofofi, duk lokacin da taya ta faɗa rami sai an tura man ta waɗannan ƙofofin, wannan turjiyar ita ke shanye bugun ta mayar da shi zafi. To in sil, wato robar da ke tare man, ya fashe mai ya tsiyaye, ko man ya tsufa yayi ruwa, shikenan, babur zai riƙa wurga ka sama kuma a rami mai zurfi ya nutse har ƙarshe kaji ƙas! a ƙashin bayanka. Ni wannan ƙas ɗin ne ya fi damuna, musamman in na ɗauko mutum a baya.

Babur ɗina ƙarami ne, 150cc mai shok biyu a baya, dan haka na sayi guda biyu masu gas, irin masu ƙaramar kwalba a gefe. Amfanin gas ɗin shi ne in kana tafiya a gargada na tsawon lokaci man ciki yana zafi yana kumfa, in yayi kumfa kuma fistin iska yake turawa ba mai ba, sai kaji shok ɗin ya saki gaba ɗaya bayan rabin awa duk da cewa da ka tashi lafiya lau yake. Iskar naitirojin da aka matsa a ciki tana danne man ta hana shi kumfar. Ba sabuwar dabara bace, wani Bafaranshe de Carbon ne ya fito da ita tun wajen 1953, kuma yau manyan masu ƙera shok irin su Showa da KYB na Japan da Öhlins na Suwidin da YSS na Tailan duk suna yin masu gas. Amma a kula, akwai na bogi da yawa waɗanda kwalbar ado ce kawai, ba komai a cikinta kuma ba ta haɗe da silindar ba, ka ɗaga kaji ta sakayau. Ni kafin in biya sai da na sa aka nuna min bawul ɗin gas ɗin da takardar da ta zo da shi.

Abu na farko da zan ja kunnen duk mai son canzawa shi ne awo. Ka ciro tsohon ka auna shi da tef daga tsakiyar ramin sama zuwa tsakiyar ramin ƙasa, nawa milimita 340 ne, kuma ka auna faɗin ramin kusar domin wani 10 ne wani 12. Mai kayan ya so ya bani wanda ya fi tsawo wai babur zai fi kyan tsayuwa, bakaniken da nake kai wa aiki ya ce min "Oga kar ka yarda, in bayan ya ɗagu da yawa kan zai riƙa rawa in kana gudu, ga sarƙa zata riƙa ɗaurewa." Kuma haka ne, tsawon shok yana canza yadda babur ke zama a kan titi da yadda yake shan kwana. Na tsaya a kan 340 ɗina.

Ɗaurawa bata kai awa ɗaya ba. Bakaniken ya ɗora babur ɗin a kan babban jek, ya cire ɗaya ya sa sabo sannan ya cire ɗayan, saboda kar tayar ta faɗi ƙasa gaba ɗaya. Abin da ya burge ni da shi, bai ƙarasa ɗaure notocin ba sai da ya sauke babur ɗin ya ce in hau in zauna, sannan ya ɗaure su tamau, ya ce in ka ɗaure a sama robar bush ɗin da ke cikin ramin kusar a murɗe take zama kuma bata daɗewa take yagewa. Ya kuma duba ko kwalbar tana taɓa salansa ko kariya in shok ɗin ya nutse, ta gefen dama saura kaɗan ta taɓa, sai da ya juya ta ta kalli baya.

Satin farko wallahi raina ya ɓaci. Tsallen ya tafi amma babur ɗin yayi tauri, duk wani ɗan tsagin kwalta ina jin sa a jikina, har na fara tunanin nayi asarar kuɗina. Na koma wajen bakaniken na ce masa malam abin nan fa ya fi tsohon wahala, sai ya tambaye ni ko an saita min shi da nauyina, na ce ban ma san ana yi ba. A ƙasan sifirin akwai zobe mai zare da ake murɗawa da wata sifana mai ƙugiya, wasu shok ɗin kuma matakai biyar ne kake juyawa, to nawa daga kwali an matse shi sosai kamar na mai ɗaukar kaya kullum, ni kuma ba wani nauyi ne da ni ba, in na zauna babur ɗin ko motsi baya yi. Shok ɗin yana can a miƙe a ƙarshensa, in taya ta faɗa rami ba shi da sauran tsawon da zai bi ta, sai duk babur ɗin ya faɗa tare da ni.

Yadda muka saita shi abu ne mai sauƙi. Ya ɗaga bayan har taya ta bar ƙasa ya auna daga kusar taya zuwa wani wuri a ƙarƙashin sit, sannan na hau da hular kwanona da jakar da nake ɗauka kullum ya sake aunawa, ana so babur ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku na duk tafiyar da shok ɗin zai iya yi, ko ƙasa da haka kaɗan. Muka riƙa sassauta zoben muna aunawa har muka kai, kuma dole ɓangarorin biyu su zama daidai, ya ƙirga zaren kowanne. Shi zoben nan baya sa sifirin yayi laushi ko tauri, inda babur zai zauna kawai yake canzawa, amma bambancin da naji daga wannan ranar kamar wani mashin aka bani.

Yanzu wata huɗu kenan. Rami in na faɗa ina jin sa amma bugu ɗaya ne mai taushi ya wuce, ba wannan ƙas ɗin, ba lilo a bayansa. Tudun rage gudu ba sai na miƙe tsaye a kan feda ba. Abin da ban zata ba shi ne birki da kwana, da in na taka birkin baya a hanya mai gargada taya sai ta riƙa tsalle tana ja, yanzu a manne take da ƙasa, a kwana ma bayan ya daina wannan karkaɗawar da ke sa gabana faɗuwa. Wanda nake yawan ɗauka a baya shi ya fara magana tun kafin in gaya masa na canza wani abu. Ciwon ƙugun bai tafi gaba ɗaya ba in tafiya ta wuce awa biyu, amma ya ragu sosai, ina saukowa in ci gaba da harkata.

Akwai abubuwan da basu min daɗi ba. Ya fi wanda ba gas tsada nesa ba kusa ba. Zoben mai zare yana cika da ƙasa, in ba ka wanke ka ɗan shafa mai ba murɗa shi sai da kyar, kuma duk ranar da zan ɗauki mutum da kaya masu nauyi sai na ƙara matse shi zagaye biyu ko uku in na dawo in sassauta, mai matakai biyar ya fi sauri a nan. Fentin sifirin ɗin ma ya fara ɓarewa ta inda tsakuwa ke dukansa. Sannan da baya ya gyaru sai laifin gaba ya fito fili, kan babur yana nutsewa da yawa in na kama birki, dole na sa aka canza man shok ɗin gaba shi ma, wannan kuɗin ban sa shi a lissafi ba.

In naka yana yoyo ko yana lilo ka canza, kuma biyun tare, kar ka haɗa sabo da tsoho domin ɗaya zai riƙa ɗaukar aikin ɗaya. In kuma lafiya yake tauri kawai kake ji, duba iskar taya tukunna ka gwada saita zoben naka na yanzu kafin ka kashe kuɗi, da yawa ba a taɓa taɓa shi ba tun daga kamfani. Bawul ɗin gas ɗin kuwa kar a bari yara ko wani mai gwaji ya danna shi, in iskar ta fita ba famfon taya zai mayar da ita ba, sai wanda ke da kayan cika naitirojin.