Birjil da Biyatiris: me ya sa Dante ya sauya jagora a ƙofar aljanna?

Malam, ka tambaya me ya sa Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, a cikin doguwar waƙarsa Divina Commedia ya rabu da jagoransa Birjil, wanda ya ratsa da shi wuta da dutsen tsarkakewa (inda rayuka ke wanke zunubansu), ya bi wata mace, Biyatiris, zuwa sammai. Mu sani tun farko, waƙar a kan aƙidar Kiristocin zamaninsa take, kuma a babi na 28 na kashin wuta ya taɓa Manzon Allah (SAW), abin da duk Musulmi zai karanta ransa ya ɓaci. Amma maganar jagora ka kawo, ita zan bi.

Birjil mawaƙin Rum ne, ya mutu kafin zuwan Annabi Isa (AS), don haka a lissafin Dante ba shi da rabo a aljanna. Jagorancinsa irin na uba ne. Yakan riƙe hannun Dante, ya rungume shi su gangara inda ƙafa ba ta iyawa, har akwai wurin da ya sa tafukansa ya rufe masa ido kada ya ga abin da zai daskarar da shi. Ya kuma san iyakarsa: ya faɗa masa cewa abin da hankali ke gani shi zai iya bayyanawa, sauran sai ya jira Biyatiris.

Ita kuwa 'yar garin su Dante ce, Fulorens, ta rasu a 1290 tana da shekara 24. Ba ta lallashi. Ranar da suka haɗu a ƙololuwar dutsen, Dante ya waiwaya zai yi wa Birjil magana, ya tarar ba shi, ba ko sallama. Wannan wurin har yau yana sosa mini rai. Yana cikin kuka ta kira sunansa, wanda nan kaɗai ya fito a dukkan babi ɗari na waƙar, ta yi masa faɗa kan yadda ya saki hanya bayan mutuwarta, sai da ya amsa laifinsa.

Tafiyar ma ta bambanta. Da Birjil taku ne da haki. Da Biyatiris kallo ne: ta dubi sama, shi ya dube ta, sai ga su a wata samaniya. Yakan gane sun ƙara hawa ne idan ya ga kyawunta ya ƙaru. A sama ta bakwai ƙin murmushi ta yi, ta ce da ta yi da ya ƙone ya zama toka. Ga ta malama kuma, har da madubai uku ta kawo masa misali don warware masa batun duhu-duhun da ke jikin wata.

A ganina ba sauya jagora Dante ya yi ba, domin tun farko ita ce ta sauka ta roƙi Birjil ya je ya cece shi. Birjil ɗan aike ne. Ita ma ba ta kai shi ƙarshe ba. A babi na 31 na kashin aljanna ya juya zai tambaye ta, sai ya ga wani dattijo, Barnad na Kilabo, malamin zuhudu da ya rasu a 1153, shi ya ƙarasa da shi. Dante ya hango ta can nesa a mazauninta, ya yi mata godiya. Ta dube shi ta yi murmushi, sannan ta mayar da fuskarta ga hasken da take kallo.