Awarar da na ci da cokali mai yatsu a Osu

Likita ce ta jawo min. Watan jiya na je awo, ta ɗaura min abin nan a dantse, ta duba, ta sake dubawa, ta ce jinina ya hau, in rage gishiri da mai da jan nama. Ni kuwa shekarata shida a Nima, cikin birnin Akara na Ghana, kuma duk wanda ya san unguwar nan ya san ba wurin rage nama ba ce. Da magariba ta yi hayaƙin tsire ke tare hanya, wanda a nan suke kira cicinga, mutum bai isa ya wuce salin-alin ba.

Ɗan maigidan da nake haya ne ya ji ina ƙorafi, ya ce, "Kawu, ran Asabar zan kai ka inda ake cin abincin lafiya." Na ce to, amma ni zan biya, don ba a haife ni ɗan cikina ya ciyar da ni ba. Da na san abin da ke gaba da na ja bakina na yi shiru. Muka tari tasi, muka wuce babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, muka gangara unguwar Osu, wani lungu bayan babban titin.

Tsakani da Allah wurin ya yi. Ba ƙuda ko ɗaya, ba ruwan wanke-wanke kwance a bakin ƙofa, banɗaki da sabulu da ruwa na zuba. Yarinyar da ta zo ɗaukar odarmu ta tambaye ni da Turanci ko akwai abin da jikina ba ya so, gyaɗa ko madara ko alkama, kuma ko a rage min gishiri. Tun da nake cin abincin sayarwa daga Kano har Legas ba a taɓa yi min wannan tambayar ba. A gida in ka ce wa mai abinci ta rage mai, kallon da za ta yi maka kaɗai ya ishe ka. Takardar abincin ma kowane kwano an rubuta abin da ke cikinsa, rabinta kuma babu nama sam. Wannan ya kwantar min da hankali ta wani gefen, don a Akara kafin ka ci nama a wurin da ba ka sani ba sai ka yi ta binciken wa ya yanka. Yaron ya zaɓar min wani abu mai dogon suna, ya ce shi ne daidai da masu hawan jini.

Minti arba'in muna zaune. Ga abinci ya iso a wani faffaɗan faranti fari, abincin kansa a tsakiya ɗan mitsitsi, kamar an zuba wa kyanwa. Na duƙa na duba da kyau. Jama'a, awara ce. Yanka biyar, an gasa maimakon a soya. Gefenta dafaffen zogale da tumatir da albasa, an barbaɗa dakakkiyar gyaɗa, wato kwaɗo. A ƙarƙashi ɗan dafaffen acca. A kofi kuma zoɓo, wanda suke kira sobolo, ba sukari, sai citta da abarba.

Na juya wajen yaron, na ce da Hausa, kuma ban rage murya ba don na ɗauka mu kaɗai ke ji, "Kai, yanzu tun daga Nima ka ɗauko ni don in ci awarar 'yan firamare da kwaɗon tsofaffi? Ina naman? Ni akuya ce?"

Yarinyar tana tsaye da tulun ruwa. Ta yi murmushi ta ce, "Baaba, gaskiyanka, awara ne. Ni ma mamana yana yi a Mamobi. Amma ka ci tukuna." Kun san Hausar Zangon Ghana, mace da namiji duk "yana" ne. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Turawa biyu da ke teburin kusa suna ta ɗaukar nasu kwaɗon hoto, ni kuwa na sunkuyar da kai na kama cokali mai yatsu, ina yanka awara da wuƙa kamar wani abin kirki.

Abin haushin, ta yi daɗi. Ba ta sha mai ta yi nauyi ba, kana jin ɗanɗanon waken suyan kansa. Zogalen da daddawa aka ɗaga shi, ba dunƙule ko ɗaya. Na cinye tas, har ina satar kallon farantin yaron.

Sai takardar kuɗi. Faranti ɗaya ya haura abin da zan ci waakye, shinkafa da wakensu, na kwana huɗu a bakin kasuwar Nima, har da ƙwai da taliya. A ƙasa kuma an jero haraji, na inshorar lafiya daban, na asusun ilimi daban, na yawon buɗe ido daban. Ni da na zo cin awara, wane ido na buɗe? Na biya ta waya ina murmushin yaƙe.

Tun daga ranar abin ke cina. Mutanen Ghana ba sa jin kunyar abincinmu. Waakye sunansa daga wake ne, tuo zaafi tuwo ne mai zafi, koko kuwa har Hausa koko suke ce masa, a sha da ƙosai, kuma manyan ma'aikata na layinsa da safe da motocinsu. Yanzu ga shi sun ɗauki zogale da zoɓo da acca sun ɗora a farin faranti suna karɓar kuɗin Turawa. Mu fa? In baƙo ya zo aka kawo masa kwaɗon rama ko tafasa, sai a ce an wulaƙanta shi. Dole sai shinkafa tana ninƙaya a mai, dunƙule shida a tukunya ɗaya, lemon kwalba a kai. Gidan biki a Kano in ba a ga kaza ba har gori ake yi. Sannan a dawo ana cewa ciwon suga da hawan jini sun yi yawa, ko sammu ne. Bishiyar zogalen da ke bayan ɗakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, mu da kanmu muka sare ta don a yi wa mota rumfa. Da na tuna haka a cikin tasi sai da na juya fuska waje.

Ba wai na sallama musu duka ba. Ban ƙoshi ba, kuma awara ba yajin ƙuli rabin awara ce. Ta 'yan matan ƙofar gidanmu, da zafinta a cikin takarda, ana ci ana hura yatsa, har gobe ita ce a raina. Da muka sauka a Nima sai da na tsaya gaban mai cicinga na yi ta muhawara da kaina, yaron ya ja hannuna ya ce, "Kawu, likita fa."

Da dare na kira Yaya a Kano, na ce in ta samu mai tahowa ta aiko min da busasshen zogale da acca kwano biyu. Ta yi shiru, sannan ta rage murya ta ce, "Ka faɗa min gaskiya, kasuwar ce ta karye?"